Hannun Hagu a Aljihu

Alhamis, 6 ga Maris

Na hau. Ba a ɗauko ni ba, ba a turo ni a keke ba. Da ƙafata. In fara rubuta wannan kafin komai.

Jirgin ya fi ƙanƙanta a ido fiye da yadda yake a hoto. Dogayen ginshiƙai biyu, igiyoyi ko'ina kamar shanyar gidan haya, sai manyan ƙyallayen da iska ke turawa, filafilai, a nannaɗe. Mu fasinja tebur ɗaya ya ishe mu. Ɗakina kuwa, daga kan gado ina taɓa ƙofa.

Auta ta rako ni har bakin ruwa. Ta dubi jirgin, ta dube ni. "Baba, wannan ai kwale-kwale ne aka ɗaura wa zani." Ita da mijinta da yara babban jirgin za su hau, irin wanda muka hau bara, mai benaye kamar asibiti. Ranar Alhamis mai zuwa jiragen biyu za su tsaya a tasha ɗaya.

Sharaɗinmu ke nan, in rubuta shi yadda yake. In Kyaftin ya ga ba zan iya ba ya sauke ni a wannan tasha, zan bi Auta cikin babban jirgin, in mun koma kuma in rufe gidana in tare a ɗakin da ta gyara mini a bayan falonta. In na kai ƙarshen tafiya, ba za ta sake tayar da maganar ɗakin ba. Ita ta kawo sharaɗin, tana dariya, don ta tabbata ita za ta ci. Gidan nan a cikinsa uwarta ta rasu. Ba na barinsa.

Ashe Kyaftin ɗin mace ce. Gajera, muryarta a dushe. Ta tara mu ta ce dokarta ɗaya: duk wanda ya fito saman jirgi, dole hannunsa ɗaya na riƙe da igiya ko ƙarfe. "Ko atishawa za ka yi, ka riƙe wani abu tukuna." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Hannun dama na riƙe da sanda. Na hagu yana aljihu. Tun cikin sanyi na tashi wata safiya na ji shi kamar na aro, yatsun ba sa rufewa. Ban faɗa wa kowa ba. Auta ta ɗauka sabon salo ne na tsufa, sa hannu a aljihu.

Juma'a, 7 ga Maris

Ashe a jirgin nan ba a cin abinci sai kowa ya zauna. Ba wanda ya gaya mini.

Na ji ƙararrawar rana na yi kamar ban ji ba. Ina da biskit a jaka. Shekaru ke nan ina cin abinci ni kaɗai, ban ga dalilin canzawa ba don kawai ina kan ruwa. Can sai ƙwanƙwasa. Kuku ne, ƙaton mutum da tawul a kafaɗa.

"Baba, miya ta gaji da jiranka, har ta yi fata."

Na ce na ƙoshi. Ya ce to in zo in ƙoshi a kan kujerata, don shi ba ya buɗe tukunya da kujera a wofi. Wai da haka suke sanin ba wanda ya faɗa ruwa, ba wanda ya kwanta ciwo a ɓoye.

Na fito na tarar da mutane zaune, kwanoni a kife, ido duk a kaina. Wani mai faɗin ƙirji, tsohon direban babbar mota, ya buga tebur. "Ga ango ya fito!" Ya tambayi aikina, na ce zanen taswira na yi har na yi ritaya. Shi ke nan na zama Malam Taswira. Kujerarsa ce a haguna. Yana magana da abinci a baki, yana cin wuri da gwiwar hannu kamar tebur ɗin gadonsa ne.

Abin da ban lissafa ba: jirgin yana karkata, kwano yana tafiya. Kowa ya riƙe nasa da hagu yana ci da dama. Ni na ɗora damtsena a gefen kwanon kamar mai hutawa. Sau biyu ya kusa guduwa, ya tsaya a jikin gwiwar hannun Direba. Rashin tarbiyyarsa ta yi mini rana.

Asabar, 8 ga Maris

Amai. Duk da haka sai da aka zaunar da ni a tebur, da busasshen burodi a gabana.

Lahadi, 9 ga Maris

Da hantsi suka kashe inji suka buɗe filafilai. Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ƙarar ta ɗauke, sai na ji kamar an cire mini auduga daga kunne. Ruwa na shafar katako, igiya na kuka kaɗan kaɗan, shi ke nan. Jirgin ya kwanta gefe ɗaya ya kama tafiya kamar ya tuna wani wuri.

Muna bin gaɓa kurkusa. Wannan gaɓar na zana ta tun ina saurayi a ofis, da alƙalami mai bakin allura, malaminmu tsaye a kaina da rula. A takarda siririn layi ce mai lanƙwasa. Ashe ja ce. Jan dutse, da awaki a kai, da wata mata tana shanya. Ta ɗaga mana hannu. Bara daga bene na sama na babban jirgin, ƙasa ba ta wuce dattin farce a ƙarshen ruwa ba. Don wannan na zo. In ma ba a fahimce ni ba.

Ina cikin kallo Kyaftin ta tsaya kusa da ni.

"Baba, me ka riƙe?"

Na nuna mata sanda.

"Sanda kai ta riƙe. Ni jirgi na ce. Ɗayan hannun fa?"

Na ce sanyi yake ji. Ta dubi rana, ta dubi aljihuna, ta wuce. Na jingina da ƙarfen gefe na sa sandar a hammata na kama igiya da dama. A tsaye dabarar tana yi. In zan taka fa?

Na dawo ɗaki na dunƙule safa ina matsawa da hagu. Babban yatsa da manuni suna ɗan amsawa. Sauran ukun sun yi yaji.

Litinin, 10 ga Maris

Babban jirgin ya wuce mu da la'asar, can nesa. Fari fat, kamar an yanko unguwa guda an ɗora a ruwa. Bayan ya wuce da daɗewa igiyar ruwansa ta iso ta girgiza mu, kofuna suka yi ta kaɗawa.

Auta ta kira. "Baba, kana ina? Mun fito muna dubawa, ba mu ga komai ba." Na ce ni ina ganinku. Ta ce akwai likita a bene na biyu, akwai lif, an ajiye mini gado. Ta ce muryata ta yi rauni. Na ce iska ce. Jikata ta karɓe wayar: "Kaka, wai jirginka ba shi da wurin wanka na iyo?" Na ce duk tekun nan namu ne. Ta ce ƙarya.

A tebur gardama ta tashi kan jiragen. Akwai wata dattijuwa, tsohuwar ungozoma, mai tabarau a kan hanci, ta ce kada a raina babba, gwiwarta ta fi samun lafiya a can, kuma in ciwo ya kama ka da likita a kusa. Direba ya ce shi ya hau sau ɗaya ya tuba. "Ranar farko na ɓace tsakanin ɗakina da wurin cin abinci. Na tambayi wani hanya, ashe madubi ne. A can in ka mutu ran Litinin, sai ran Juma'a mai gyaran gado zai sani."

Suka tambaye ni. Na ce ba ni da ra'ayi.

Ina da shi. Bara saboda tsawon lunguna suka sa ni a keken guragu, suruki yana turawa yana waya, ya ajiye ni gaban gilashi kamar akwati ya ce yana zuwa. Daga baya na daina fitowa. Ana kawo tire, ana ɗauke tire. Kwanaki a haka, Auta na cewa Baba yana hutawa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa don miya ta yi fata. A lokacin na ce hakan ya fi mini. Har yanzu ma ina jin... to.

Ɗakin bayan falon Auta, haka zai zama. Tire ya shigo, tire ya fita.

Talata, 11 ga Maris

An gano ni.

Bayan karin kumallo ina ƙoƙarin ɓalle maɓallin wuyan rigata a lungun da ke bayan ginshiƙi, na zaci ba kowa. Ungozoma tana zaune kan tarin igiya da saƙarta.

"Tun yaushe?"

Na ce me.

"Malam, aikina kallon hannu da fuska ne tun kafin a haifi Kyaftin ɗin nan. Ciro shi."

Ban san me ya sa na ciro ba. Ta sa yatsunta biyu a tafina ta ce in matse. Na matse iya ƙarfina. Ta ce, "Na ce ka matse." Sai ta cire tabarau. Ta ce ƙaramar shanyewa ce, kuma ƙarama takan yi sallama ne kafin babba ta shigo. Ta tambayi maganin da nake sha. Na ce ba na shan komai. Ta yi salati.

Na roƙe ta. Ni da ban roƙi kowa ba tun ranar jana'izar uwar yara. Na gaya mata sharaɗin, da gidan, da ɗakin. Na ce ta bar ni in wuce Alhamis kawai.

"Ba zan kai ƙararka ba. Amma in ta tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Tsufa ya yi mini yawa da zan fara."

Da rana muka zauna cin abinci. Duk sanda Kyaftin ta juyo wajen Ungozoma sai in ajiye cokali in kasa kunne. Gishiri kawai ta nema.

Wani abu kuma. Namana yana zuwa a yayyanke ƙanana, na sauran kuwa manya. Kwanona ma ba irin nasu ba ne, ƙasansa akwai roba, ba ya zamewa. Yaushe aka canza? Kuku ya ce kwanonin ne suka ƙare. Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba.

Laraba, 12 ga Maris

Sandata ta tafi.

Iska ta tashi tun safe, ruwa ya yi duhu yana tofa kumfa. Aka ce mai so ya zauna ciki. Na fito, don kada a ce. Ina tsakanin ƙofa da ginshiƙi jirgin ya kwanta farat ɗaya, ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Hannu ɗaya gare ni, abu biyu ke nemansa. Na saki sanda na cafki igiya. Na ga sandar ta gangara, ta bi ta ƙarƙashin ƙarfe, ta yi tsalle ɗaya a kan ruwa. Uwar yara ce ta saya mini ita, ranar da ta ce na fara tafiya kamar agwagwa.

Na tsaya rungume da igiya, ba gaba ba baya. Direba ya taho yana tangaɗi ya miƙo hannu. Na ce kada ya taɓa ni. Da ƙarfi na faɗa, har matuƙan jirgin suka juyo. Ya janye. "Allah ya huci zuciyar Malam Taswira." Na ja jiki da gindi har ƙofa, kowa na gani.

Bayan azahar Kyaftin ta kira ni wurin sitiyari. Ba ta dube ni ba, idonta na kan filafilai. Ta ce gobe ba za mu shiga tasha ba, manyan jirage sun cinye wurin. A waje za mu jefa anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a sauka ta tsanin igiya zuwa kwale-kwale. Kowa zai sauka, za a wanke jirgi.

"Zan tsaya a bakin tsani in kalle ka. Daga nan zan san ko jakarka za ta bi ka."

Na ce na hau tsanin da ya fi wannan. Ta ce, "Akwai abin da kake son gaya mini, Baba?" Na ce babu. Ta ce to.

Na je na leƙa tsanin inda yake a naɗe. Igiya biyu, matakan katako. Kafin ka sauke hannu ɗaya sai ɗayan ya riƙe ka. Yaro ma ya san wannan.

Na matsa safa har damtsena ya yi tsami.

Alhamis, 13 ga Maris, da safe

Mun jefa anka. Ga babban jirgin can a tasha, ya rufe rabin garin. Na haɗa jakata da kaina, don kada wani ya haɗa mini.

Alhamis, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Da kwale-kwalen ya iso, Auta na ciki. Ban zaci haka ba. Ta biyo shi ne don ta tarbe ni, tana zaune da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, ta ɗaga kai tana kare rana da hannu. "Baba! Ina sandarka?"

Kowa ana ɗaura masa igiya a ƙugu kafin ya sauka, wani matuƙi na riƙe da ita daga sama. Kyaftin ta ce in mutum ya kasa, da ita za a zura shi ƙasa. Na ga yadda suka zura buhunan shara da safe. Direba ya riga ni sauka, ya tsaya a kwale-kwalen dab da gindin tsani. Kyaftin ta ce da shi, yadda zan ji, "Baba ya ce kada a taɓa shi. Kada ka taɓa shi."

Na juya baya na sa ƙafa. Dole hannun ya fito daga aljihu. Na saƙala damtsen hagu a bayan igiya kamar ƙugiya, na sauke dama. Ya yi. Na sake. Ya yi. Har na fara cewa a raina ashe abin ba wuya.

Sai ruwa ya ɗaga jirgin ya sake shi. Tsanin ya bar jikin katako ya dawo ya buga. Damtsen ya zame. Ƙafa ɗaya ta zame. Na rage a rataye da hannun dama da yatsun ƙafa ɗaya, hagun yana lilo a gefena kamar hannun riga a shanya. Na umarce shi ya tashi. Ya tashi rabi, ya shafi igiyar, yatsun suka ƙi rufewa. Auta ta yi ƙara. Na ji igiyar ƙuguna ta fara ɗaurewa.

Na ɗaga kai. Kyaftin ta ɗaga wa matuƙin hannu, alamar ya dakata. Tana kallona kawai.

Na san in na yi shiru za a zura ni kamar buhu a gaban 'yata. Hannun dama ya fara mutuwa. Ina jin numfashin Direba a ƙasana, kusa ƙwarai, hannayensa a buɗe amma bai taɓa ni ba.

Na ce, "Direba."

"Na'am, Malam."

"Hannun hagun nan ba ya aiki. Tallafe ni."

Ban rufe baki ba na ji kafaɗarsa a ƙarƙashina, hannunsa ya zagaye ƙuguna. Ya sauke ni mataki mataki yana cewa, "Sannu, a hankali, ba birki muke da shi ba." Da na zauna ya sunkuyo kunnena. "Tun ran Juma'a gwiwar hannuna ke gadin kwanonka. Har ta yi kanta."

Ashe duk sun sani. Kuku, matuƙa, har wasu ma'aurata cikin fasinja da ba sa magana da kowa. Ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa ke gani.

Kwale-kwalen ya kai mu gaɓa. Da Kyaftin ta iso a zuwa na biyu, Auta ta tare ta. "Kin gani da idonki. Ki sauko masa da jakarsa."

Na dubi takalmina. Na riga na fara tunanin wa zan ba tukwanen furen uwar yara.

Kyaftin ta ce, "Na gani tun ranar da ya hau. Na ɗauki masu ƙafa ɗaya a jirgin nan, na ɗauki makaho. Wanda ba na ɗauka shi ne wanda zai faɗi bai kira kowa ba. Jiya da na sauke shi. Yau ya kira." Ta juyo gare ni. Sharaɗi biyu: in ga likita yanzu, in ya hana, magana ta ƙare. In ya bari, ba na taka saman jirgi sai da hannun wani a nawa.

Direba ya ce shi dai ba a tambaye shi ba, amma ya karɓi aikin, albashinsa naman Malam.

Likitan garin ya yi ta faɗa kamar ni ɗansa ne. Ya auna, ya haska ido, ya sa na yi murmushi, na ɗaga hannaye. Ya ce ɓarnar da za ta yi ta riga ta yi tun makonni, abin tsoro ta gaba ce. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in na koma a yi hoton kai ba tare da wasa ba. Auta ta ce, "Likita, ka ce masa ba zai koma wannan jirgin ba." Ya ce shi da zai fi so in kwanta a gida, amma 'yan kwanakin da suka rage, da magani, da mai lura da shi, ba zai hana ba. Ungozoma, da ta biyo mu ba a gayyace ta ba, ta karɓi ƙwayoyin ta jefa a jakarta. "Ni zan riƙa ba shi. In ya ƙi, in toshe masa hanci."

A bencin waje Auta ta ɗauki hannun ta ɗora a cinyarta. Tana juya shi, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi mata tana ƙarama in za a yanke farce.

"Baba, tun sanyi? Kai kaɗai a gidan? Wa yake buɗe maka gwangwani?"

Na ce ban cika cin na gwangwani ba.

Ta goge ido da bayan hannu. "Ka ci sharaɗin. Na yi alkawari, ba zan sake maganar ɗakin ba."

Na ci. Na zaci zan ji daɗi fiye da haka.

Hawa tsanin da yamma, Direba na ƙasa, matuƙi na sama, ni a tsakiya ina ba da umarni.

Juma'a, 14 ga Maris

Babban jirgin ya tafi tun jiya. Wurin da ya tsaya ya zama fili, sai ga garin ya fito, ashe har da hasumiya.

Hannun ya kwana a waje, ya wuni a waje. Ba wanda ya kalle shi. Kuku ya ce tun da asiri ya tonu, a dawo masa da kwanonsa mai roba, na kyanwar jirgi ne. Ƙarya yake. Ina fata ƙarya yake.

Direba yana tafiya da sauri. Na gaya masa ni ba tirela ba ce.

Lahadi, 16 ga Maris

Iska mai daɗi, gaɓa a dama. Mun shiga wani lungun ruwa da babban jirgi ba zai taɓa shiga ba, har ana jin ƙanshin hayaƙin girki daga tudu. Na gane wurin. Na taɓa ba shi rabin yini da alƙalami.

Jibi za mu isa. Gidana na nan yadda na bar shi, makulli na aljihu, inda hannu yake da. Ina ta ganin teburin kicin. Kujera ɗaya, ɗayar na jingina ta da bango tun tuni don ta daina kallona.

Yau da rana aka buga ƙararrawa, kujerar haguna ba kowa. Muka jira. Miya ta fara fata. Kuku ya ɗauki tawul zai tafi, na ce ya bari. Na bi bango da hannun dama har ƙofar Direba na buga. Barci ne kawai ya kwashe shi, ƙaton banza. Amma kafin ya amsa, abin da ƙirjina ya yi, ba zan rubuta ba.

Auta ta kira da la'asar. Ta cika alkawari, ba ta ce komai ba sai yanayin ruwa da ƙwayoyi. Ni ne na tambaye ta, haka kawai, ko a gidanta tare suke cin abinci ko kowa da tirensa. Ta ce yadda ta kama, yara a gaban talabijin, mijinta in ya dawo. Na ce wannan ba tsari ba ne. Na ce gida ya kamata a ce ba a buɗe tukunya sai kowa ya zauna. Ta ce, "Sai dai in akwai wanda zai tsaya a kan dokar, Baba."

Na ce ni dai magana na yi.

Na kuma tambayi tagar ɗakin nan, gabas take kallo ko yamma. Saboda furanni. Ba wai na ce wani abu ba ne.

Gabas, in ji ta.

An buga ƙararrawa. Kada a jira ni.